KULA DA FARFELAR MOTAR DAJI
Darasi Domin Direbobi Da Kanikawa Da Masu Kula Da Motoci

Direban da ya san aikinsa ba ya tayar da mota da safe sai ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya kuma zagaya ya bubbuga tayoyi. Amma ba kowa ba ne ya kan durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, inda wani dogon bututun ƙarfe ya miƙe daga akwatin giya zuwa aksul na baya, wani gajere kuma ya nufi aksul na gaba. Kowane ɗayansu shi ake kira farfela. Inji yana iya zama lafiya lau, giya ma haka, amma in farfela ta katse, ƙarfin injin ba shi da hanyar da zai bi ya kai ga taya. Sai mota ta tsaya cik inda abin ya same ta, ko a hawan Mambila ne an nufi Gembu, ko cikin rairayin Yusufari, ko cikin taɓon fadamun Haɗeja da Nguru. Motocin da ke bin irin waɗannan wurare kuwa ba shan iska ke kai su ba. Su ne ke ɗauke da allurar rigakafi wadda ƙanƙararta ba ta jiran kowa, su ne ke ɗauko mai naƙuda, su ne ke kai malaman gona da masu haƙa rijiyar burtsatse.

Tsayawar ma ita ce mafi sauƙin abin. Idan gaɓar gaba ta farfelar baya ce ta ɓalle ana cikin gudu, kan farfelar ya kan faɗo ya caki ƙasa, ya ɗaga bayan motar sama, har ya iya kifar da ita. Idan kuma ta ɓalle ta ci gaba da juyawa, sai ta yi ta bugun abin da ke kusa da ita kamar taɓarya: salansa, da tankin mai, da bututun man burki, da jikin akwatin giya. Duk wannan ɓarna, galibi, daga wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba ta kan faro, a kan an hana shi giris da bai kai cikin cokali biyu ba.

AIKIN DA FARFELA KE YI

Motar daji, irin su Land Rover wadda aka fara yi a Ingila a 1948 (an taɓa harhaɗa ta a Badun), da Toyota Land Cruiser, da Hilux mai ja da ƙafa huɗu, tana da ƙaramin akwatin giya na biyu a bayan babban. Shi ne ke raba ƙarfi gida biyu, wani gaba wani baya. Wannan akwati a ɗaure yake jikin shasi, ba ya motsi. Aksul kuwa a kan sifirin yake, yana hawa yana sauka da kowane rami da kowane dutse. Saboda haka sandar da za ta haɗa su lalle ne ta iya abu uku a lokaci guda: ta juya, ta lanƙwasa, ta kuma ƙara tsawo ko ta rage.

Lanƙwasawar aikin kuros ne. Shi ɗan ƙarfe ne mai hannu huɗu, siffar gicciye, yana zaune tsakanin gwafa biyu. Kowane hannu nasa yana cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe, a cikin ƙoƙon kuma an jera siraran allurai kewaye, su ne boris ɗinsa. A bakin kowane ƙoƙo akwai roba, wadda kanikawa ke kira sil, domin tsare giris a ciki da hana datti shiga. A cikin jikin kuros an huda hanyoyi huɗu masu tasowa daga tsakiya, kowace ta nufi ƙoƙo guda. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na huɗu, gama a kansa darasin nan ya rataya.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Turawa sun laƙaba mata sunan Cardano, wani masani na ƙasar Italiya a ƙarni na 16, da kuma sunan Robert Hooke na Ingila, wanda ya yi bayaninta a 1676. Clarence Spicer na Amurka ya soma ƙera tasa domin motoci a 1904. Ɗan nonon giris da ake gani a jikinta, mai ƙwayar ƙarfe a baki wadda ke buɗewa in an danno giris ta koma ta rufe, Oscar Zerk ne ya sami hatimin mallakar irinsa a 1929.

Ƙara tsawo da ragewa kuwa aikin gaɓar zamiya ne. Farfela kashi biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya kamar wuƙa a kube, da haƙora dogaye da suka sarƙe da juna, don su juya tare amma su iya zamewa ciki da waje.

Yana da kyau a san yawan wahalar da waɗannan gaɓoɓi ke sha. Tayar Land Cruiser mai lamba 7.50-16 ta kan juya wajen sau 400 a kilomita guda. Farfela kuwa sai ta juya wajen sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Watau a gudun kilomita 80 cikin awa, farfela tana juyawa fiye da sau 2,000 a minti guda, kuma tafiya ɗaya daga Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 600, ta kan ci juyi kusan miliyan ɗaya. A kowane juyi alluran nan suna gangarawa gaba su komo baya, ɗauke da dukan ƙarfin injin. Babu famfo mai kawo musu mai kamar yadda ake kai wa inji, babu tukunyar mai da suke iyo a ciki kamar haƙoran aksul. Ɗan abin da aka ɗura musu, shi ke nan abin da suke da shi har ranar da aka sake tunawa da su.

GIRIS WANKA NE, BA SHAFA BA

Yawancin mutane suna ɗaukar ɗura giris kamar ƙara mai a fitila: ya ragu, a ƙara. A motar da ba ta barin kwalta ana iya cewa haka ne. A motar daji ba haka ba ne. Giris ɗin da ke cikin kuros ba ƙarewa ya kan yi ba, ɓaci ya kan yi.

Ga yadda abin ke faruwa. Kuros ya ɗauki zafi bayan tafiyar awa biyu, sai mota ta faɗa mashigin rafi. Ruwa ya sanyaya shi farat ɗaya, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta gefen roba. Ruwan damina kuwa ba shi kaɗai ya kan shigo ba, da laka da ɗan yashi ya kan taho. Da rani ƙurar hanyar burji da ta hunturu ita ke manne wa bakin robar tana cin ta a hankali, har bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Giris da yashi in sun gauraya sun zama abin wasa ƙarfe, irin wanda maƙera ke goge wuƙa da shi. Giris da ruwa kuma in sun gauraya sai ya tsinke ya yi fari-fari kamar kindirmo, ya daina riƙe ƙarfe, tsatsa ta kama allurai cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka manufar ɗurawa ita ce sabon giris ya shiga ta tsakiya ya koro tsohon, da ruwansa da yashinsa, ya fito da su waje ta bakin roba. Robar kuros an yi ta ne yadda za ta bar giris ya fita in an danno shi daga ciki, fitarsa ba alamar ta lalace ba ce. Wanda ya danna bindiga sau biyu ya ga ɗan baƙin giris ya leƙo ta ƙoƙo ɗaya ya cire, bai yi kome ba tukuna. Giris, kamar ruwa, hanya mafi sauƙi ya kan bi. Ƙoƙon da ya riga ya saki shi ke fara fitarwa, wanda kuwa ya bushe ya toshe, watau mai bukatar, shi ba ya samun ko ɗigo. Kuros da yawa da suka mutu, in aka kwance su, sai a tarar da hannu uku sumul suna ƙyalli, na huɗu ya ci kansa ya zama jan gari. Ba a gama ba sai an ga sabon giris mai tsabta ya fito ta ƙoƙuna huɗun duka, an kuma ƙidaya su da ido.

YAUSHE?

Littafin da ke zuwa da kowace mota yana da jadawali biyu, na tafiyar yau da kullum da na tafiyar wahala. Galibi a kan ce a ɗura a kowane kilomita 10,000 ga na farko, 5,000 ga na biyu, amma kowa ya duba nasa littafin. Motar da ke aiki a karkarar ƙasar nan, ko a Arewa ko a Kudu, tana cikin jadawali na biyu ba tare da wata gardama ba. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce a haɗa shi da juyen baƙin mai.

Sai dai maleji bai san ruwa ba. Motar da aka yi wa sabis jiya, yau ta ratsa rafin da ya kai mata cibiyar taya, bukatarta ta giris ta fi ta wadda ta yi kilomita 4,000 a kan kwalta. Littattafan Toyota na irin waɗannan motoci sun ce a ɗura cikin awa 24 bayan farfela ta nutse a ruwa. Watau in da damina mota kullum tana ratsa ruwa, kullum ne za a ɗura, kuma bindigar giris ta zama cikin kayan mota tare da jak da sifana. Haka nan bayan an fito daga laka mai zurfi, irin firkin Barno mai kama taya. Haka kuma bayan wanki da injin feshi mai ƙarfi, gama shi ma ya kan tura ruwa ta bakin roba. A wanke mota tukuna sa'an nan a ɗura giris. Akwai garejin da ke yin akasin haka don a miƙa wa mai ita mota tana ƙyalli, wannan kuwa aikin baban giwa ne.

KAFIN A SHIGA ƘARƘASHI

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu. A sa waigi gaba da bayan taya, ba taya ɗaya ba. Motar daji tana da tsayin da mutum zai iya kwanciya ƙarƙashinta ba sai an ɗaga ba. In kuwa dole sai an ɗaga, kada kowa ya shiga alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Masu tsohuwar Land Rover da Defender su lura da wani abu na musamman. Burkin hannu na waɗannan motoci ba taya yake kamawa ba, farfelar baya yake kamawa, ta wani ganga da ke bayan ƙaramin akwatin giya. Tsofaffin Land Cruiser ma wasunsu haka suke. Da zarar an kwance farfelar baya, burkin nan ya rabu da tayoyin baya, mota tana iya gangarawa bisa wanda ke ƙarƙashinta alhali sandar burki tana ɗage. Haka nan mota mai canja giya da kanta wadda aka ajiye a kan harafin P: ta farfela ake riƙe ta, in an cire farfela riƙon ya tafi. Waigi ne kaɗai abin dogara.

YADDA AKE ƊURAWA

Da farko a ƙidaya nonnan giris. A mota mai farfela biyu a kan sami aƙalla shida: kuros biyu da gaɓar zamiya ɗaya a kowace farfela. Wasu motocin suna da kuros biyu a haɗe wuri guda a kan farfelar gaba, da wata ƙwallon ƙarfe a tsakaninsu mai nata wurin ɗurawa dabam. Wannan a ɓoye ta kan zama, wani lokaci ma sai da siririn baki mai kama da allura ake kai mata, shi ya sa ita ce aka fi mantawa da ita. In nono ya juya inda bindiga ba za ta kai ba, a fito, a tura motar gaba kaɗan, a mayar da waigi, a koma.

A goge kowane nono da tsumma mai tsabta kafin a sa masa bindiga. Wannan ƙaramin abu ne, amma wanda ya ƙetare shi ya ɗauki yashin da ke waje ya tura shi da hannunsa cikin boris. A danna bindiga sau ɗaya a iska a ga giris na fitowa, a goge bakinta, sa'an nan a kafa ta sosai a kan nono, a miƙe. A riƙa dannawa a hankali. Za a ji ɗan ƙas-ƙas na iska tana fita, sai ruwa ko baƙin giris ya biyo, daga baya sabo ya fito. Bindigar hannu ta fi ta iska a wannan aiki, domin hannu yana jin abin da ke faruwa a ciki.

In ƙoƙo uku sun fitar, ɗaya ya ƙi, kada a haƙura. A tura farfelar da hannu zuwa ɓangaren da ke nesa da ƙoƙon da ya ƙi, ko a ɗan bubbuga gwafar da guduma mai laushi, ana yi ana dannawa. Sau da yawa wannan ya kan buɗe hanyar. In ya ƙi duk da haka, to tsohon giris ya daskare a ciki ko kuwa tsatsa ta riga ta kama, sai a sauke farfela a buɗe ƙoƙon a gani. In kuwa giris ta gefen bakin bindiga yake tsiyaya, sanda ta yi tauri ta ƙi dannuwa, nonon ne ya toshe. A kwance shi a wanke da kananzir ko a sa sabo.

Bayan an gama a goge duk abin da ya fito. Wanda aka bari ƙura kawai zai tara, kuma farfela za ta watsa shi jikin salansa.

Akwai motocin zamani da kuros ɗinsu ba shi da nono ko ɗaya, an rufe shi da giris tun daga masana'anta. Waɗannan ba a ɗura musu, dubawa kawai ake yi, in sun mutu a canja. Robarsu ta fi ƙarfi, amma ranar da ruwa ya shige su babu hanyar koro shi.

GAƁAR ZAMIYA: NAN A SASSAUTA HANNU

Dokar da aka faɗa a kan kuros, cewa a ɗura sai ya fito, ba ta hau kan gaɓar zamiya ba. Nan kuskuren yawaitawa ne. A ƙarshen kuben akwai fili wanda sandar ke shiga cikinsa in aksul ya taso sama. In aka cika filin nan da giris, sandar ba ta da wurin shiga, gama giris ba ya matsuwa kamar iska. Sai farfela ta zama kamar turmi an tokare tsakanin aksul da akwatin giya, kowane rami mota ta faɗa, bugun ya tafi kai tsaye kan boris ɗin akwati da na aksul. Wasu kuben suna da 'yar kafa ta numfashi a ƙarshe, wasu ba su da ita, kuma mai ita ma laka ta kan toshe ta.

Danni uku ko huɗu sun isa. A sa ido a kan gaɓar: da an ga ta fara miƙewa, a tsaya. In an riga an wuce gona da iri, a kwance nonon, a girgiza motar sama da ƙasa, rarar za ta fito ta ramin, sa'an nan a mayar da shi. Rashin giris ma a nan yana da tasa alamar. Haƙoran su kan cije su saki farat ɗaya, direba ya ji wani gau a baya in ya tsaya ko in zai tashi, kamar an ɗan buge shi daga baya.

WANE GIRIS?

Giris mai ne aka daskarar da shi da wani irin sabulu, sabulun yana riƙe da man kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Irin sabulun shi ke bambanta su. Mai sabulun sodiyam yana jure zafi amma ruwa na wanke shi. Tsohon irin mai kalsiyam yana jure ruwa amma zafi na narkar da shi da wuri. Mai litiyam, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1940, ya haɗa biyun gwargwado, shi ya sa ya zama na kowa. Kaurin giris kuma yana da lamba, daga 000 mai kusan zuba har 6 mai tauri kamar sabulun wanki. Abin da farfela ke so shi ne mai litiyam, wanda aka rubuta NLGI 2 a jikin gwangwaninsa. Akwai wani baƙi-baƙi mai sinadarin molibdinam, wanda wasu littattafan motoci ke cewa a sa wa gaɓar zamiya da ƙwallon tsakiyar kuros biyu. A bi abin da littafi ya ce. Launin giris, ja ne ko shuɗi ko ruwan zuma, rini ne kawai, ba ya nuna kyau ko rashinsa.

Kada a riƙa gauraya iri dabam-dabam, domin wasu sabulan ba sa jituwa, in sun haɗu sai giris ya tsinke ya zube. In dole ta sa an canja iri, a ɗura da yawa har tsohon ya fita sarai. Giris ɗin da ake aunawa daga buɗaɗɗen bokiti a bakin tasha, wanda ya sha ƙurar motoci tun safe, araharsa tsada ce. A sayi na rufaffen gwangwani, a kuma riƙa rufe shi.

ALAMUN KUROS YA FARA MUTUWA

Kuros ba ya mutuwa bai yi sallama ba. Alama ta farko ta ido ce: jan gari kamar na tsatsa kewaye da bakin ƙoƙo. Wannan garin alluran ne da kansu. Ta biyu ta kunne ce: tsuwwa kamar ta ɓera in ana tafiya a hankali kusa da bango, tana ƙara sauri in mota ta ƙara, ta ɓace cikin ƙarar hanya in an yi gudu. Daga nan sai ƙwal in an saki kuloci ko an sa ribas. Ta ƙarshe ita ce kakkarwa a ƙarƙashin kujera in an kai wani gudu, wadda ba a sitiyari ake jin ta ba. Wanda ya kai ga wannan ya rage gudu ya nemi gareji mafi kusa.

Gwajin hannu ya fi duka. Bayan an sa waigi, a sa giya a firi, a saki burkin hannu don farfela ta huta. A kama ta kusa da kuros da hannu biyu, a murɗa dama da hagu, a tura sama da ƙasa. Ɗan juyin da ke zuwa daga haƙoran aksul ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne tsakanin gwafa da gwafa. In akwai motsi a nan, kome ƙanƙantarsa, kuros ya gama aiki. Kuma a yi gwajin kafin a ɗura giris, domin sabon giris ya kan cike giɓin ya ɓoye motsin na kwana biyu. Giris yana hana ciwo, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.

Tun da an shiga ƙarƙashin, a duba sauran. Notocin da suka ɗaure farfela su kan saki a hanya mai gargada. Na Land Rover sifana 9/16 suke ci, na Toyota galibi lamba 14. Wanda ya ɓace a maye shi da irinsa mai ƙarfi, ba kowane noti na kasuwa ba. A cire ciyawa da leda da igiya da suka naɗe, gama su kan ci robar bakin aksul mai ya zube, busasshiyar ciyawa kuma kusa da salansa wuta ce. A kankare busasshiyar laka. 'Yan ƙananan faranti da aka liƙa jikin bututun ba ado ba ne, su ne ke daidaita nauyinsa. In ɗaya ya fita, ko dutse ya lotsa bututun, kakkarwa za ta biyo baya, kuma walda a bakin hanya ba ta gyara wannan. A motocin da tayoyin gaba ke da 'yan gajerun sanduna masu robar da ta yi kama da zugazugi, irin Hilux na yanzu, a duba robar. In ta yage a canja ta nan da nan, tun yashi bai kashe gaɓar ba.

Abu biyu kuma suna hannun direba. Motar da sai an sa mata giyar ƙafa huɗu take ja da gaba, kada a bar ta cikin giyar a kan busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, in ba ƙasa mai santsi da za su zame a kai, farfela ce ke murɗewa ta sha wahalar. Sa'an nan kada a bar farfelar gaba ta yi watanni ba ta juya ba. Littattafan Toyota sun ce a yi aƙalla kilomita 16 a ƙafa huɗu kowane wata don mai da giris su zagaya.

IN AN SAUKE FARFELA

Kuros yana da wata ɗabi'a wadda Hooke ya lura da ita tun a zamaninsa. In ya lanƙwasa, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya: sau biyu a kowane juyi ya kan yi sauri, sau biyu ya rage. A lanƙwasar digiri 10 bambancin wajen kashi ɗaya da rabi ne cikin ɗari, a digiri 30 ya kai wajen kashi 15. Kuros na biyu shi ke warware abin da na farko ya ƙulla, amma sai in gwafarsu tana zaune yadda masu ƙira suka tsara. Saboda haka kafin a zare gaɓar zamiya, a ja layi da fenti ko alli a kan kashi biyun, a kuma yi wa wurin ɗaurin alama, don kome ya koma mazauninsa. Kada a dogara da cewa ai gwafa biyu kullum a layi ɗaya suke. A yawancin farfela haka ne, amma farfelar gaba ta Defender da gangan aka karkata su, kuma kanikawa da dama sun "gyara" ta sun jawo kakkarwar da babu ita da.

Wajen sa sabon kuros, matsa ƙoƙo ake yi ya shiga, ba duka da guduma ba. Duka ya kan sa allura ɗaya ta faɗi ta kwanta a gindin ƙoƙo, sai zoben kulle ya ƙi shiga mazauninsa. Wanda ya tilasta shi ya kashe sabon kuros tun bai bar gareji ba. A juya nonon ta inda bindiga za ta kai gare shi bayan an ɗaura. Ɗan giris da ke zuwa cikin sabon kuros na hana tsatsa ne a kanti, sai an ɗura masa sosai kafin ya hau hanya.

In kuwa ƙaddara ta sa farfelar baya ta mutu a daji, nesa da gari, motar tana iya kai kanta gida. A sa waigi, a kwance farfelar gaba ɗayanta a sa a bodi. A kulle cibiyoyin tayoyin gaba in motar mai irinsu ce, a sa giyar ƙafa huɗu ta gudu, ko a kulle giyar tsakiya a motar da kullum a ƙafa huɗu take, kamar Defender. A Land Rover a mayar da notocin a kan gangar burki a ɗaure su. Sai dai in farfelar irin wadda kanta ke zamewa kai tsaye cikin akwatin giya ce, zare ta zai bar rami buɗe mai ya tsiyaye, sai an toshe shi tukuna. A tafi a hankali, ba fizga, ba kaya mai nauyi, gama aksul na gaba ba a yi shi don ya ɗauki aikin shi kaɗai ba. Inda duk aka tsaya a hanya, yaron mota ya riga direba sauka da waigi a hannu.